Yadda muka sauya damfar karanshaf a injin Cummins 5.9 mai bawul 12

Motar a-kori-kura ce ƙirar Dodge Ram 2500 ta shekarar 1996, mai injin gas na Cummins lita 5.9, silinda shida a jere, da giyar hannu mai hawa biyar ta NV4500. Irin waɗannan motoci har yau suna jan tirelar shanu da ta ciyawa a karkarar Texas, kuma da wuya ka ci karo da wadda ba a taɓa famfon da ke ba injinta mai ba. Wannan ma an taɓa. Daga masana'anta tana fitowa da ƙarfin doki 215, amma an ƙara wa famfon Bosch P7100 ɗinta mai, an kuma sauya sifirin ɗin gwamnan famfon, wato abin da ke iyakance juyin inji, da wanda ke barin inji ya kai juyi 4,000 a minti. Kukan mai ita shi ne baƙin mai yana ɗiga ta gaban inji, kuma sandar giya tana karkarwa a hannu idan motar na jan kaya a juyi wajen 2,000.

Kafin in taɓa sifana sai da na kwanta a ƙarƙashi da tocila, na goge gefen damfar, wato faifan ƙarfen da ke gaban inji yana shanye murɗar karanshaf, da tsumma da ruwan wanke birki. Damfar asali ta wannan inji kashi uku ce: cibiya da ake ɗaurewa a kan karanshaf, zoben ƙarfe mai nauyi a waje, sai roba da aka matse a tsakaninsu. Akwai layi guda da aka tsaga ya ratsa daga cibiya zuwa zobe, kuma ranar da aka ƙera ta layin a miƙe yake. Littafin gyaran motar ya ce idan layin biyu suka kauce wa juna fiye da milimita 1.59 a sauya ta, haka ma idan robar ta gutsure ko ta nutse ƙasa da bakin ƙarfe fiye da milimita 3.18. A wannan motar na auna kaucewar milimita 6. Robar ta kumbura a gefen da mai ke zuba mata, ta yi laushi har farce yana shiga, ɗaya gefen kuma ta bushe ta tsattsage kamar fadamar rani. Mai da zafi su ne ajalin roba, kuma shekara kusan talatin ba wasa ba ce ga roba kowace iri.

Mutane da yawa suna ɗaukar wannan abu a matsayin fulin da fambel ke hawa kawai. A turance ma suna kiran sa da sunan da ke nuna kamar daidaita nauyi yake yi, alhali injin silinda shida a jere nauyinsa a daidaice yake tun daga ciki. Aikin damfa daban ne. Duk lokacin da silinda ta kama wuta, fistan yana naushin karanshaf ta hannun kwanrod, sai ƙarfen ya ɗan murɗe kamar yadda ake matse wanki, sannan ya warware ya wuce inda ya taso, ya sake dawowa. Murɗewar ba ta kai digiri ɗaya ba a mafi yawan lokaci, ido ba ya ganin ta. To amma injin nan yana kama wuta sau uku a kowane juyi, bisa jerin 1-5-3-6-2-4. A juyi 2,000 a minti, naushi 100 ke nan a cikin daƙiƙa ɗaya. Karanshaf ɗin dogo ne, tafiyar fistan milimita 120 ce, baya kuma an danne shi da fulawil mai nauyi, don haka gaba ne yake shan murɗa. Akwai wasu matakan juyi da naushin yake zuwa daidai da yadda ƙarfen ke son yin rawa da kansa, kamar mai tura lilo yana turawa a kan kari, kowane turi yana hawa kan na baya. A nan ne metal, wato shimfiɗar da karanshaf ke juyawa a kai, ke cinyewa ba dalili, haƙoran giyoyin gaban inji suke dukan juna, ƙusoshin fulawil suke saki, a ƙarshe karanshaf ya tsage. Wannan girgizar ba ita ce wadda direba ke ji a kujera ba. Inji yana iya tafiya sumul a jikinka alhali cikinsa yana cin kansa.

Damfar roba an ɗaura ta ne a kan wani ɗan tsukin mita, wato saurin maimaituwar girgiza, wanda injiniyoyi suka lissafa da ƙarfin injin na asali da iyakar juyinsa na asali. Da zarar an ƙara mai, an ɗaga juyi, an sa kuloci mai nauyi daban, lissafin ya canza. Shi ya sa ban ba da shawarar a mayar da irin ta asali ba a wannan motar. Da a ce ba a taɓa famfo ba, da ita zan mayar, domin tana da araha kuma tana yin aikinta.

A kasuwar Amurka suna biyu ne aka fi sani. ATI na birnin Baltimore suna yin Super Damper, wadda ke amfani da zobban roba masu tauri daban-daban, ana iya kwance ta a sake mata sababbi. Fluidampr na garin Springville a jihar New York suna yin mai ruwan silikon: zoben nauyi yana zaune sake a cikin gidan ƙarfe da aka like da walda, tsakaninsa da bango akwai siririn silikon mai kaurin da ya fi kama da ƙaro a kan mai. Gidan yana bin karanshaf duk inda ya fizga, zoben kuma yana son ci gaba da juyawa a hankalinsa, sai silikon ɗin da ke tsakani ya shanye bambancin ya mayar da shi zafi. Amfaninta shi ne ba a ɗaure ta a kan mita ɗaya ba, kuma babu abin da za a sake mata. Duka biyun suna da shaidar SFI 18.1 da ake nema a filin tsere. Mai motar ba ya tsere, kaya yake ja, kuma ba mutum ne da zai dawo gareji don a sake masa zobban roba ba, don haka muka ɗauki mai silikon. A kula wajen oda: ta mai bawul 12 daban, ta mai bawul 24 na tsakiyar 1998 zuwa 2002 daban, ta 2003 zuwa sama daban. Ramukan ƙusa suna iya yin daidai amma wurin sensa da layin bel su saɓa. 

Na fara da cire wayar baƙi ta batir duka biyu, don motar batir biyu gare ta. Na tsiyaye ruwan lagireto a cikin bokiti mai cin lita 25. Wanda damfa kaɗai zai sauya yana iya yi daga ƙasa ba tare da ya taɓa lagireto ba, amma mu muna da aikin huda kan karanshaf don kafa wa damfa fil, da kuma sauya oyil sil, ana bukatar fili. Notin fanka milimita 36 ne kuma zarensa na hagu ne, wato ta hannun agogo ake kwance shi. Na sha ganin wanda ya manta da wannan ya yi ta ƙara ɗaure shi da guduma. A bar bel a jiki tukuna ya riƙe fulin, a ba sifanar duka ɗaya mai kyau, zai saki. Fanka da murfinta tare suke fitowa. A jingine fankar a tsaye, kada a kwantar da ita, saboda ruwan da ke cikin kulocinta. Daga nan na sa sandar soket mai kan inci 3/8 a ramin abin da ke ɗame bel, na sassauta, na zare bel ɗin bayan na zana hanyarsa a jikin kwali. Lagireto ya fita.

Sai sensar juyin inji, wadda ke zaune a saman damfar a kan noti biyu. Ita ce ke karanta tsaga biyu da ke bakin zoben. Na cire ta na rataye ta gefe.

Ƙusoshin damfa huɗu ne, kansu milimita 15. Don hana inji juyawa na cire toshin da ke jikin gidan fulawil ta ɓangaren fasinja, na zura ƙarfen juya inji da ke kama haƙoran fulawil, yaron gareji ya riƙe shi da doguwar sanda. Wasu suna sa mota a giya ta biyar su ja birkin hannu. Yana yi, amma duk ƙarfinka sai ya tafi a cikin sifirin ɗin kuloci, kuma lokacin ɗauri ba za ka samu awo na gaskiya ba. Biyu daga cikin ƙusoshin sun saki da ƙyar kamar yadda ya kamata. Sauran biyun da hannu ɗaya na juya su. Tun daga nan na san abin da zan tarar.

Da damfar ta sauko, fuskar kan karanshaf tana ɗauke da wani jan gari mai laushi kamar garin jan kanwa, ya taru a kewayen ramuka biyu. Ba tsatsar ruwa ba ce. Ƙarfe ne ya daɗe yana gogar ƙarfe da motsin da bai kai kaurin gashi ba. Bayan cibiyar tsohuwar damfar ma ya yi tabo-tabo masu sheƙi, rami ɗaya ya fara zama kamar ƙwai. A wannan inji ba wani makulli ne yake riƙe damfa ba, matsin ƙusoshin nan huɗu ne yake manne fuska da fuska, gogayyar da ke tsakaninsu ita ce ke ɗaukar duk naushin da na lissafa a sama. Idan fuskar ta yi mai, ko ƙura, ko ɗan tudu, ko ƙusa ɗaya ba ta kai awonta ba, damfar za ta fara motsi a wurin zamanta. Sabuwar ta kusa kilo 10, ta fi tsohuwar nauyi da faɗi, saboda haka ta fi ta neman riƙo. Ka sayi mafi tsada a duniya, in fuskar nan ba ta zauna ba, kuɗinka ka zubar, kuma ka ƙara wa karanshaf ɗin abin da zai yi dambe da shi.

Na fi awa ɗaya a kan wannan fuska da faɗinta bai wuce tafin hannu ba. Na bi ta da lallausan dutsen wasa wuƙa da ɗan mai, a kwance, ina zagayawa, har sai da tudun da gogayya ta tayar ya kwanta. Ba a sa injin gurza a nan, domin yana cin gefe ya bar tsakiya, fuskar ta zama kamar bayan kwano. Na bi zaren ramukan huɗu da ƙarfen share zare, ba mai yanka sabo ba, na hura da iska, na wanke da ruwan wanke birki har sai da farin tsumma ya fito fari. Na ɗora bakin ƙarfe madaidaici na haska tocila ta baya, haske bai ratsa ba.

Tunda an riga an buɗe, na cire murfin giyoyin gaba don sauya oyil sil. Sil ɗin wannan inji a bushe ake sa shi. Leɓensa da jikin karanshaf kada su ga mai ko kaɗan, in aka shafa zai ɗiga tun makon farko. Yana zuwa da wani hannun roba da ake zura shi a kai don kada leɓen ya naɗe, ba a cire hannun sai murfi ya zauna. Tsohon sil ya ɗan yi wa karanshaf zobe, amma farce bai maƙale a ciki ba, don haka ban sa rigar ƙarfe ba. A cikin gidan giyar akwai ɗan fil ɗin nan da masu wannan inji suka sani, wanda girgiza ke fitar da shi a hankali har ya faɗa tsakanin giyoyi. Ya leƙo kaɗan. Na mayar da shi da fanci, na danne bakinsa da ɗan ƙarfe a ƙarƙashin ƙusar da ke kusa, da maganin kulle zare. Ƙusoshin murfi Nm 24, akwai dogaye da gajeru, kowace a raminta.

Masu ƙera damfar suna ba da shawarar a kafa mata fil idan inji zai riƙa wuce juyi 3,500, kuma wannan gwamnansa na 4,000 ne. Kayan kafa fil ɗin suna zuwa da wani faranti mai ramukan jagora, da bakin huda, da fil biyu. Na ɗaga damfar da hannu biyu na zaunar da ita a kan ƙugun karanshaf. Da hannu take shiga. In ta ƙi, a sauke a duba dalili, kada a kusanto ta da guduma, domin tazarar da ke tsakanin zoben ciki da bangon gidan ƙanƙanuwa ce ƙwarai, lotsawa ɗaya tana iya kulle zoben ta mayar da damfar dunƙulen ƙarfe. Na ɗora farantin jagora na ɗaure, na naɗa salatif a jikin bakin huda daidai zurfin da takardar kayan ta faɗa, na toshe kewayen sabon sil da tsumma. Huda a hankali ake yi, da man yanka, ana fitowa ana share ɓarɓashi bayan kowane ɗan zurfi. Cibiyar damfar tana huduwa cikin sauƙi, amma da bakin ya isa karanshaf za ka ji muryarsa ta canza. In ka ƙara gudu a nan, wurin zai yi zafi ya taurare, bakin ya dakushe ko ya karye a ciki, kuma fitar da karyayyen bakin huda daga kan karanshaf aiki ne na kwana guda.

Bayan huda na sake sauke damfar gaba ɗaya. Wannan matakin ne ake yawan tsallakewa don gajiya. Man yanka da ɓarɓashi sukan shiga tsakanin fuskokin biyu, bakin sababbin ramukan kuma yakan tayar da ɗan kaifi. Na kwantar da kaifin da dutse, na sake wankewa har tsumma ya fito fari, na mayar da ita a daidai alamar da na yi da alli don ramukan su haɗu.

Ƙusoshi sababbi na sa, irin na asali. Tsofaffin da suka yi aiki a sake sun riga sun sha lanƙwasa, ba abin amincewa ba ne. Ɗigon baƙin mai a zare da ƙarƙashin kai, da yatsa, yadda ba zai gangara kan fuska ba. Awon wannan shekarar Nm 125 ne, wato ft-lb 92 a ma'aunin Amurka. Na ɗaure a hawa uku, 40 sannan 80 sannan 125, ina tsallakawa daga ƙusa zuwa kishiyarta, sannan na sake zagayawa a 125 har sai da babu wadda ta motsa. Injin 2003 zuwa sama awonsa daban ne, Nm 40 sannan a ƙara murɗa digiri 60. Ƙusoshin da suka fi na asali ƙarfi kuma suna zuwa da nasu adadin da nasu man shafawa, ba a haɗa awon wannan da man wancan. Bindigar iska ba ta da wuri a wannan aiki. Na buga fil biyun da fanci har suka yi daidai da fuska, sannan na ja layin fenti daga kan kowace ƙusa zuwa jikin cibiya.

Na kafa agogon auna kaucewa a fuskar damfar, aka juya inji da hannu zagaye ɗaya, allurar ta motsa kusan milimita 0.1. Ta zauna. Na ɗora dogon ƙarfe madaidaici daga fulinta zuwa fulin altaneta da na famfon ruwa, layin bel mai tsagi takwas ya yi daidai.

Sensa ce ta ba mu wahala, kuma laifina ne. Sabuwar damfar ta fi faɗi, kuma tsagar da ake karantawa ba a bakin waje take ba, don haka sensar tana komawa kan sabon maɗauri da ke zuwa a kwalin, ana kuma ƙara wa wayoyinta uku tsawo. Na haɗa su da dalma na rufe da robar da ke tsukewa da zafi, don haɗin matsi ba ya daɗewa a gaban injin gas. Tazarar da ake so tsakanin bakin sensa da ƙarfen da take kallo milimita 1.27 ce, inci 0.050, kuma da ma'aunin tagulla ake aunawa, domin sensar tana da maganaɗisu, ma'aunin ƙarfe yana mannewa ya ba ka jin ƙarya. Na auna daidai, amma lokacin da na ƙarasa ɗaure notin maɗaurin ya ɗan ja baya, ban sake aunawa ba. Muka mayar da lagireto da fanka da bel, muka zuba ruwa, muka tayar. Inji ya tashi lafiya, tunda famfon P7100 ba ruwansa da lantarki wajen ba da mai. Amma allurar agogon juyi tana tsalle tana faɗuwa sifili, batir kuma ya tsaya a volt 12 da ɗan kai. A wannan motar kwamfuta ba ta barin altaneta ya yi caji sai ta ga alamar cewa inji yana juyawa, kuma daga sensar nan take gani. Na'urar sanyaya ɗaki ma ba ta kamawa, a mai giyar otomatik kuwa har giyar sama takan ɓace. An sha sauya altaneta mai lafiya saboda wannan. Na kashe, na auna, tazarar ta kusa milimita 2. Na sassauta, na bar ma'aunin tagullar a tsakani har na gama ɗauri, na zare shi da ɗan ja. Aka juya inji da hannu na sake aunawa a ɗaya ɓangaren. Da muka tayar allura ta tsaya cak, caji ya hau volt 14.

A gwajin hanya, da tirela a baya, rawar da injin ke yi a silo, wato yana aiki ba a taka totur ba, tana nan yadda take, kuma na riga na gaya wa mai motar haka zai kasance. Wannan rawar ta maɗaurin inji ce da yanayin nozul, damfa ba ta gyara su. Wanda nozul ɗinsa ɗaya ke fitsari, ko kulocinsa ya karkace, kada ya sa rai. Ban kuma yi masa alkawarin ƙarin doki ko ragin shan mai ba. Abin da ya canza a fili shi ne sandar giya: a giya ta huɗu, tsakanin juyi 1,800 da 2,200, da hannu a kanta, karkarwar da ke sa yatsu ƙaiƙayi ta koma ɗan motsi mai taushi. Ƙarar kacau-kacau da giyabos ke yi idan aka taka totur a ƙaramin juyi ita ma ta ragu ƙwarai. Bayan tafiyar minti 40 na haska bindigar auna zafi a jikin damfar, ta yi ɗumi daidai ko'ina a kewayenta. Ɗumin nan shi ne murɗar da ta shanye, shi ya sa ba a lafta mata fenti mai kauri, ba a kuma barin laka ta daskare a kanta.

Motar ta dawo bayan mil 500 kamar yadda muka yi da shi. Layukan fenti huɗu suna nan a miƙe, sifanar awo ta yi ƙara a 125 ba tare da ko ɗaya ta motsa ba, ƙasan murfi a bushe, babu jan gari a kewayen cibiya. Mai silikon ba ta da layin da za a duba irin na mai roba, don haka na nuna masa abin da zai riƙa kallo duk lokacin juyen baƙin mai: lotsawa a jikin gidan, kumburi a fuska, ko wani danshi mai yauƙi a bakin waldar. Na kuma auna kaurinta a wuri huɗu a kewaye na rubuta masa a cikin littafin motar, domin in zoben ciki ya fara cije bango, gidan yakan buɗe ta gefe ɗaya, kuma bambancin da ya wuce milimita 0.25 tsakanin wuraren huɗun yana nufin a sauke ta.